Mata biyu, yara bakwai da Hajiya: wace inshorar lafiya ce za ta ɗauke mu?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar inshorar lafiya ciki da bai. Shago gare ni a Kantin Kwari, ba na aikin gwamnati, don haka babu mai yankar mini komai a albashi. Gidana a Kurna yake. Mata biyu ne, yara bakwai. Babban shekararsa 19, yana karatu a BUK, 'yar autar kuma ba ta cika shekara biyu ba. A cikin yaran akwai mai sikila, shekararta tara. Amarya tana da ciki wata huɗu. Hajiya mahaifiyata ma a wurina take, ta haura 65, tana da hawan jini da ciwon suga, kullum cikin shan magani take. Da ni mu goma sha ɗaya ke nan.

Abu uku aka kawo mini. Wasu sun ce in shiga taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA. Wasu sun ce ta tarayya ta fi, wadda ake kira GIFSHIP. Wani kuma ya ba ni takardar wani kamfani mai zaman kansa, an rubuta tsarin iyali da jerin asibitocin kuɗi. Wanne zan ɗauka? Dole ne mu duka mu shiga abu ɗaya? Kuma idan na biya yau, haihuwar nan za ta shiga ciki?

Mai Teburin Inshora:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sauki amarya lafiya.

Kafin ka kalli farashin kowa, ɗauki biro ka rubuta mutanen nan goma sha ɗaya, kowa da shekarunsa da ciwon da aka san shi da shi. Abin da takardun inshora suke kira iyali bai kai girman gidanka ba. Tun a tsarin ma'aikatan tarayya da aka fara a 2005, ma'aunin shi ne mai gida, mace ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai 18 ba. Mutum shida ke nan, kuma yawancin kamfanoni masu zaman kansu kusan wannan ma'aunin suka ɗauka. Idan aka ɗora gidanka a kai, mutum biyar sun rage a waje: mace ɗaya, yara uku, da Hajiya. Su sai an biya wa kowa nasa daban. To farashin da ke kan takardar da aka ba ka na rabin gidan ne.

Ɗan BUK ɗin ka fara cire shi. Akwai tsarin ɗaliban manyan makarantu, TISHIP, wanda yawanci kuɗinsa yana cikin kuɗin rajista. Ya duba rasit ɗinsa, ya je asibitin makaranta ya tabbatar an buɗe masa fayil. Sauranku goma.

Tsarin ma'aikata ba naka ba ne, tunda ba ka da albashi. Abin da ya rage maka a ɓangaren gwamnati biyu ne. GIFSHIP na hukumar tarayya ne, wadda a da ake kira NHIS, ta koma NHIA da dokar da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022, dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. An ƙaddamar da GIFSHIP a 2020 domin irinku, 'yan kasuwa da masu sana'a da 'yan fansho. Da naira 15,000 a kan mutum ɗaya a shekara aka fara, amma an ƙara tun daga lokacin, don haka farashin yau a ofishin hukumar za ka karɓe shi, kada ka yi lissafi da tsohuwar takarda. Ita kuwa KSCHMA da dokar jiha ta 2016 aka kafa ta, tana da ɓangaren ma'aikatan jiha da ƙananan hukumomi, tana da ɓangaren waɗanda ba sa aikin gwamnati, inda ake biya a kan kowane mutum a shekara. Ta jiha ta fi sauƙin kuɗi.

Abin da ya sa na fi karkata ga waɗannan biyun a gida irin naka shi ne ba sa korar mutum don shekarunsa ko don ya zo da tsohon ciwo. Hajiya da yarinyar nan mai sikila su ne za su fi kowa zuwa asibiti, kuma su ne tsarin kamfani ya fi gudu.

Akwai ƙofa ta uku da za ka ji ana faɗa, ta kyauta, asusun BHCPF da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Ta asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa ake shiga, guraben kuma ƙididdigaggu ne, na marasa ƙarfi ne. Tunda Allah ya hore maka abin biya, ka bar wa wanda ba shi da shi.

Yanzu ga wurin da mutane suka fi yin kuskure. Suna ɓata lokaci a kan wace hukuma, su zaɓi asibiti cikin minti ɗaya, alhali asibitin da ka zaɓa shi ne inshorar taka a aikace. Ranar rajista za a ce ka zaɓi asibitin farko. Duk wata, hukuma ko HMO, wato kamfanin da ke tsakanin mai kati da asibiti wajen biyan kuɗi, zai tura wa asibitin nan wani ƙayyadadden kuɗi a kan kanka, ko ka je ko ba ka je ba. Shekaru da yawa naira 750 ce a tsarin tarayya, sai a 2024 da 2025 aka ƙara. Daga wannan kuɗin ne asibitin zai duba ka, ya yi gwajin zazzaɓi da na fitsari, ya ba ka magani. Yi lissafin da tsohon farashin: asibitin da ke da mutum 5,000 a rajistarsa yana karɓar naira miliyan 3 da dubu 750 duk wata, kuma ba dukansu za su yi ciwo a wata ɗaya ba, don haka yana iya ajiye magani. Wanda ke da mutum 60 kuwa naira 45,000 yake karɓa, masu ciwon suga biyu sun cinye ta. Irin wannan asibitin ne za ka ji kullum babu magani, ko a riƙa kallon mai katin inshora kamar ya zo roƙo. Ba lallai mugunta ba ce, kuɗin ne bai kai ba.

Saboda haka ka je asibiti biyu ko uku da ƙafarka kafin ka cika fom. Ka nemi teburin inshora ka ga ko akwai mutum a zaune. Ka tambayi waɗanda suke layin famasi ko sun samu maganinsu. Ka tambaya ko suna aiki da daddare da ranar Lahadi. Ka kuma auna nisa daga Kurna da ƙarfe biyun dare, da yaro a kafaɗa. A tsarin tarayya sai ka yi wata shida kafin a yarda ka sauya asibiti, to kuskuren zaɓi ba ya gyaruwa da wuri.

Ungozoma:

Alhaji, ni maganar amarya da ta yarinyar zan yi, don su ne lokaci yake kora.

Babu tsarin da za ka biya yau ka fara aiki da shi gobe. Akwai lokacin jira, kusan wata biyu zuwa uku a tsarin gwamnati, kafin sunan mutum ya fito a rajistar da ake tura wa asibiti. Katin hannunka ba shi ne hujja ba, sunan da ke rajistar asibitin shi ne hujja. Ciki wata huɗu, idan ka biya a makon nan, sunanta zai fito tana wata shida ko bakwai, ka ga haihuwa ta samu shiga. Idan ka tsaya shawara wata biyu, ka sa kanka a bakin gaɓa. Kuma ka yi tambaya ɗaya takamaimai a wurin biya: bayan jiran farko, akwai wani jira daban na tiyata? Haihuwa da kai ba ita ce take karya mutum ba, aiki ne yake karyawa, da jini leda biyu ko uku, da kwanakin gado.

Kada a dakatar da awo ana jiran kati. Ta ci gaba da zuwa, a duba hawan jini da fitsari da yawan jini, ta karɓi allurar tetanus da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na masu ciki. Jijjiga ba ta jiran rajista.

Wurin zaɓar mata asibiti ka tambaya: in naƙuda ta ƙi, a nan kuke aiki ko turawa kuke yi? In turawa ne, ina? Ƙaramin asibiti yana karɓar haihuwa, amma tiyata mataki na biyu ce, ana biyan ta daban, kuma sai da takardar turawa da kod, wato lambar izini daga HMO ko daga hukuma. A nan ake samun tsaiko. A 2025 NHIA ta ba kamfanonin umarnin su fitar da kod cikin awa ɗaya, kuma ƙa'ida ita ce mai larurar gaggawa a fara ceto shi, takarda ta biyo baya. Duk da haka ka ajiye lambar wayar HMO ɗin da ta jami'in teburin asibitin a wayarka da ta uwargida. Sau da yawa wayar mai gida ce take sa kod ya fito.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsallake asibitin farko. Mutum ya ga yaro ba lafiya, ba gaggawa ba, ya wuce kai tsaye Asibitin Malam Aminu Kano ko Nassarawa da katinsa, a ce masa ina takardar turawa, babu. Sai ya biya da aljihunsa, ya dawo yana cewa inshora yaudara ce. Tsarin a haka aka gina shi: asibitin farko, sannan turawa, sannan ƙwararru.

Jariri, a ƙa'idar tarayya da aka daɗe ana aiki da ita, yana ƙarƙashin mahaifiyarsa tsawon mako 12. Wannan yana da amfani ƙwarai idan ya zo bakwaini aka sa shi a kwalba, ko shawara ta kama shi aka sa shi a ƙarƙashin hasken wuta. Amma da an yi suna a karɓo takardar haihuwa a yi masa tasa rajistar, kada a bari mako 12 ɗin ya ƙare.

Yarinya mai sikila kuwa, ita za ka zaɓa wa asibiti da kulawa fiye da kowa. Tana buƙatar wurin da ake ba da gado da daddare, akwai iskar oksijin, akwai ƙarin ruwa da maganin ciwo mai ƙarfi, kuma ana iya ƙarin jini ko a tura ta da sauri. Idan tana da fayil a kilinik ɗin sikila na Asibitin Murtala ko Hasiya Bayero ko na Malam, kada a raba ta da likitocin da suka san ta. Ka tambaya ko asibitin yana cikin tsarin da za ka shiga, kuma ko za a ba ta takardar turawa mai ɗorewa, don kada duk zuwa kilinik sai an sake neman sabuwa. Ka kuma san cewa kwanakin gado suna da iyaka, a tsarin tarayya kwana 21 ne a shekara idan aka tara. Yaron da ciwon yake tasar masa sau uku ko huɗu a shekara, musamman da sanyin hunturu, yana iya cinye su. Abin da ya haura kai ne za ka biya.

Rigakafin yara, maganin tarin fuka da na HIV kyauta ne a asibitocin gwamnati, da kati ko babu. Kada wani ya lissafa maka su a matsayin garaɓasar tsarinsa.

Ɗan Kwari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To amma ni abin da yake ja na zuwa kamfanin shi ne layi. In na kwana a layin asibiti shago a rufe yake. Sannan ina zuwa Legas da Aba sarin kaya. In ciwo ya kama ni a can, katin Kano zai yi aiki?

Dillalin Inshora:

Alhaji, damuwarka gaskiya ce, kuma a nan zan ɗan saɓa wa Mai Tebur. Tsarin kamfani yana da wurinsa. Abin da kake saye a can shi ne lokaci da zaɓi: ganin likita cikin awa ɗaya, ɗaki mai mutum biyu ko ɗaya, wani lokaci ganin likita ta waya a kawo maka magani har shago, da asibitoci a Legas da Fatakwal da Abuja. Manyan kamfanonin, irin su Hygeia da AXA Mansard da Avon da Reliance, suna sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Ga lafiyayyen magidanci mai yawan tafiya, yana iya zama daidai.

Amma takardar talla ba ita ce yarjejeniya ba. Ka ce a ba ka cikakken jadawalin abin da tsarin ya ɗauka, ka zauna da wanda ya iya karanta shi, ku nemo abubuwan nan.

Iyakar shekara, da ƙananan iyakokin da ke ƙarƙashinta. Za a rubuta babban adadi a sama, a ce miliyan ɗaya, amma a ciki tiyata tana da nata rufin, haihuwa nata, magungunan ciwon da ba ya warkewa nasu, haƙori da tabarau nasu. Idan rufin tiyata dubu 200 ne misali, aikin kuma ya ci dubu 600, kai za ka cika dubu 400 ko da ba ka taɓa sauran miliyan ɗin ba. Ka kuma tambaya iyakar ta kowane mutum ce ko ta gidan duka. In ta gidan ce, mutum ɗaya yana iya cinye ta a wata uku.

Lokacin jira. A tsarin ɗaiɗaiku haihuwa takan jira wata tara zuwa shekara, don haka cikin da aka shigo da shi kusan ba ya shiga. Ka cire amarya daga lissafin kamfani a wannan cikin. Tiyatar da ba ta gaggawa ba da tsohon ciwo su ma sukan jira watanni, wani wurin shekara guda, wani wurin ba sa ɗauka sam.

Shekaru. Da yawa suna tsayawa a 60 ko 65. Akwai tsarin tsofaffi daban, amma da tsada, kuma da nasa rufin. Hajiya ta fi dacewa da tsarin gwamnati, a wannan ba ni da ja.

Kada ka ɓoye ciwo a fom. Idan aka tambaya ko akwai mai sikila ka ce babu, ranar da aka kwantar da ita aka ga sakamakon gwajin jini, kamfani yana da hurumin ƙin biya, har ya soke tsarin gaba ɗaya ba tare da ya mayar maka da ko sisi ba.

Sai jerin asibitoci. Kamfanoni suna kasa asibitoci mataki-mataki, ƙaramin tsari ba ya shiga manyan. Kamfanin da ke da ɗaruruwan asibitoci a Legas yana iya zama da 'yan kaɗan a Kano, kuma akasarinsu a Nassarawa GRA da Bompai da wajen titin Gidan Zoo, nesa da Kurna. Ka tace jerin na Kano kaɗai, ka je asibitin da kake so ka tambayi mai karɓar kuɗi: har yanzu kuna karɓar katin kamfanin nan? Idan kamfani ya tara wa asibiti bashi, asibitin yakan dakatar da masu katinsa, sunan kuma yana nan a jerin intanet. Ka tabbatar kuma kamfanin yana da rajista da NHIA, don ita ce za ka kai wa ƙara in an saɓa.

Batun tafiya: ta jiha an gina ta a kan asibitocin cikin jihar Kano, to a wannan fannin ta tarayya ta fi ta. Mai katin NHIA da larurar gaggawa ta same shi a wani gari yana iya zuwa duk asibitin da hukumar ta amince da shi, a kira HMO ɗinsa. Ko dai kai kaɗai ka shiga GIFSHIP, ko ka sayi tsarin kamfani na mutum ɗaya, sauran gida su zauna a mai sauƙin.

Abu guda da babu tsarin talaka da yake ɗauke shi gaba ɗaya: manyan cututtuka. A ƙa'idar tarayya hoton CT da MRI rabi ake biya maka, wankin ƙoda 'yan zuwa kaɗan ne, dashen ƙoda da fita waje ba sa ciki. Mai ciwon suga da hawan jini a gida ya kamata ya san da wannan, ya ajiye wani abu a gefe ko da yana da kati.

Mai Famasi:

Ranka ya daɗe, ribar Hajiya a magani take, to bari a yi lissafinta. A tsarin tarayya mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. A ce maganinta na wata naira 20,000 ne, a shekara 240,000. Idan asibitin yana da duka, za ka biya 24,000, ka tsira da 216,000, ka cire kuɗin rajistarta a ciki. Idan kuwa rabin maganin kullum babu, ka sayo na 120,000 a waje, ka biya 12,000 a ciki, abin da ka tsira da shi ya dawo 108,000. Ka ga famasin asibitin da ka zaɓa ya raba ribar biyu. A KSCHMA ma ka tambayi kason da ake biya a kan magani kafin ka sa hannu.

Ka kwashi kwalayen maganinta ka tafi da su. Ka nuna a famasin ka ce wanne ne yake cikin jerin magungunan inshora, wanne ne kuke da shi yau. Inshora da sunan asalin magani take aiki, ba da sunan kamfani ba. Amlodifin da metfomin da lisinofiril za a samu, amma ba lallai a kwalin da ta saba gani ba. Muddin mai lambar NAFDAC ne kuma ƙarfinsa ɗaya, miligiram 5 ko 10 ko 500 yadda likita ya rubuta, aikinsu ɗaya. A yi wa Hajiya bayani tun da wuri, don tsofaffi sukan ga launin ƙwaya ya sauya su ajiye ta, ko su haɗa tsohon da sabon su sha biyu, jini ya faɗi ko suga ya yi ƙasa. In tana allurar insulin ka tambaye ta da suna, tare da sirinji da tsinken gwajin suga. Ita kuma yarinyar, folik asid da faludirin ba su da tsada, haidiroksiyuriya ce abin tambaya, da gwajin jinin da ake yi wa mai shan ta lokaci-lokaci.

Ranar da aka ce babu, kada ka fita haka. A rubuta a kan takardar cewa babu, a sa hannu da kwanan wata, ka saya a wuri mai rasit, ka kai kwafi teburin inshora, ka kira HMO ko hukumar a ranar. Wanda ya saya a kemis ba rasit ba shi da abin nunawa.

Yawanci na wata ɗaya ake bayarwa. A riƙa komawa saura kwana biyar ya ƙare.

Malam na Unguwa:

Alhaji, na san za a tambaye ka a gida ko a masallaci, to ga abin da malamai suka tsaya a kai. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas, ta halatta wadda aka gina a kan taimakon juna da sadaukarwa. Tsarin da jama'a suke zuba kuɗi a asusu ɗaya, gwamnati tana kula da shi, a yi wa wanda ya kwanta magani, ba don wani ya ci riba ba, yana cikin kashi na biyu, kuma aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta yi umarni da taimakon juna a kan alheri. Ka shiga da niyyar cewa in ba ka yi ciwo ba, kuɗinka ya yi wa wani magani. Na kamfani kuwa, ka tambaya ko a kan takaful aka gina shi, wato inshorar Musulunci ta taimakon juna, ka kai wa malaminka takardar ya duba.

Sai abin da ya fi damuna. Kada ka sa mace ɗaya da 'ya'yanta a tsarin asibitin kuɗi, ɗayar da nata a layin gwamnati, don kawai fom ya ce mace ɗaya. Magani yana cikin ɗawainiyar da za a duba adalcinka a kai, kuma yara suna gani. In larura ta sa aka bambanta, kamar mai ciki ko mai sikila, ka tara su ka faɗi dalili.

Mai Teburin Inshora:

Maganar Malam ta gyara lissafin. Dillali ma, na yarda da maganarsa a kan kai kanka, Alhaji, amma ban da sauran gida. Yadda nake gani: matan biyu da yara shida da Hajiya su shiga tsari ɗaya na gwamnati, kai kuma saboda tafiya ka ɗauki na tarayya ko na kamfani. Tsakanin KSCHMA da GIFSHIP, asibiti ne zai raba gardama. Wanda ya ƙunshi kilinik ɗin yarinyar da asibitin da zai iya yi wa amarya aiki, shi ne naku. In duka biyun sun ƙunsa kuma kuɗin mutum tara a ta tarayya ya yi maka nauyi, ta jiha ta wadatar. Ba dole ba ne kowa ya zaɓi asibiti ɗaya, ka tambaya ko za a bar Hajiya da yarinyar a babban asibiti, lafiyayyun yaran a na kusa da gida.

Ka tanadi lambar NIN ta kowa, hoton fasfo, da takardun haihuwar yara. Sunan da ke fom ya zama daidai da na NIN harafi da harafi. Aisha a nan, A'ishatu a can, ya isa ya sa a ce ba a ga suna a rajista ba ranar da ake cikin tashin hankali. Kuɗin GIFSHIP ta Remita ake biya zuwa asusun gwamnati, na jiha ma a asusun hukuma da rasit. Kada ka damƙa wa kowa kuɗi a hannu don ya ce zai yi maka hanya. In kuna da ƙungiya a layinku na kasuwa, ku tambayi rajistar rukuni, GIFSHIP yana karɓar mutum goma zuwa sama, kuma ƙorafin ƙungiya ya fi na mutum ɗaya saurin samun amsa.

Bayan lokacin jira ya cika, kada ka jira ciwo. Ka je asibitin kowa yana lafiya, a duba suna ɗaya bayan ɗaya, a buɗe fayil. Wanda bai fito ba ka koma hukumar da rasit a makon. Ranar ƙarewar shekara kuma ka rubuta ta a littafin shago, ka sabunta saura wata guda, don in ta yanke ana iya cire sunayen daga rajista, a sake sa ku jiran farko, maganin Hajiya na watannin nan kuma ya dawo aljihunka.